Gidan Ba-a-Gama-ba

Yakubu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune a ƙofar gida da kofin koko a hannu. Ɗansa Nuhu ne ya kira wayar 'yata Memuna, ita ta fito ta gaya mini. Na ce ta sake kiransa ta tambaye shi da kyau, da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi. Ta dube ni kamar na taɓu. Amma ina da dalilina, tsofaffin unguwarmu Nima sun san shi.

Da idonsa ya gani. Bayan sallar asuba ne, yana zaune a kan darduma. Mun kai shi bayan azahar. Na Allah ne mu, wurinSa kuma muka nufa.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Memuna ce ke danna wayar, ni ke magana, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki.

Wanda bai san ni ba, ni ne Garba mai filasta. Wanda bai san shi ba, shi ne Alhaji Yakubu Na-Lahira, mai gidan nan na unguwar Maamobi da kwandastocin trotro, motocinmu na haya, ke kira Ba-a-Gama-ba. Tare muka tashi. Ubansa Bazazzagi, ubana Bakano, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma haka yake ce mini.

Ga abin da ya sa na ce a buɗe wayar.

Muna dawowa daga maƙabarta, ƙasar ba ta ma bar takalmanmu ba, Nuhu ya ja ni gefe.

"Baba Garba, akwai maganar gidan."

"Wace magana?"

"Kafin addu'ar arba'in muna so a yi masa filasta, a shafa fenti. Surukaina za su zo, abokan aikina za su zo. Kai ka daɗe kana faɗa. To yanzu babu mai hana ka."

Na ce zan yi tunani. Ya ce yana son amsa kafin sadakar uku, don siminti ya samu lokacin bushewa.

Yaron bai yi ƙarya ba. Rabin rayuwata na yi shi ina cewa a ba ni bangon nan in rufe shi. Amma ban taɓa zaton ranar da za a ce mini bismillah ita ce ranar da na zuba wa mai bangon ƙasa ba.

Bari in fara da sunan, don yaran yanzu suna kiransa Na-Lahira ba su san inda ya samo shi ba, waɗanda suka sani kuma sun juya labarin a kaina.

Muna samari ya samu aiki a jirgin ruwa a Tema. Ya tafi, shiru. Wata rana wani Bafante da suke aiki tare ya shigo Nima yana tambayar gidansu, aka kawo shi wurina. Jakar Yakubu ce a hannunsa. Hausarsa guntu-guntu ce. Ya miƙo mini jakar ya ce, "Yakubu ya sauka Lahavra. Ba ya dawowa."

Ku gaya mini tsakani da Allah. An kawo maka jakar mutum, an ce ya sauka Lahira, ba ya dawowa. Me za ka je ka gaya wa uwarsa?

Aka yi zaman makoki. Aka yi sadaka. Duk Nima ta ci masa da funkaso.

Sai bayan watanni kaset ya iso, aka sa a rediyo, muryar Yakubu ta fito tana gaishe da kowa da sunansa. Yana Faransa, a wani garin bakin teku da ake kira Le Havre. Memuna ta ce haka ake rubuta shi. Ashe gudu ya yi daga jirgin ya bar jakarsa.

Uwarsa, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya idan ta gan ni sai ta ce, "Ga mai kashe mini ɗa." Limamin da ya yi addu'ar babu wanda ya ce masa komai. Waɗanda suka cinye masar babu wanda ya ce musu komai. Ni kaɗai. Na faɗi wannan ne don a sani, ban yafe wa Nima ba tukuna.

Shi kam dariya ya yi ta yi da ya dawo. Ya karɓi sunan ya rataya a wuya.

Ya daɗe a can ƙwarai. Ya dawo da furfura, da tari irin na sanyi, da wata guduma mai haƙora a cikin akwati. Sauran boga, masu dawowa daga Turai, sarƙa suke kawowa da mota. Shi guduma.

Da yamma muna haɗuwa a wurin shan shayin attaya kusa da babbar gota, magudanar ruwan unguwa, shi kuma ba shi da hira sai ta Le Havre. Mutane sukan gaji su watse. Ni ba na tashi. Ba don na yarda da shi ba, sai don ina so in kama shi da ƙarya.

Ya ce a babban yaƙin Turawa jiragen sama sun mai da tsakiyar garin fili. Da aka tashi sake gini ba a kwashe ɓaraguzan duka ba, aka baje su aka yi gini a kai. Ya ce mutanen can a saman gidajen kakanninsu suke tafiya.

Na ce, "To da me suka gina?"

"Kankare."

"Sannan filasta."

"Babu filasta."

"Fenti fa?"

"Babu fenti, bawana. Gari guda, tsirara."

Na ce kuɗinsu ne ya ƙare. Ya ce a'a, haka mai zanen ya so.

Ya ce daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi awo ɗaya ne a duk tsakiyar garin, makaho idan ya koyi gini ɗaya ya koyi sauran. Ya ce shaguna suna ƙasa, mutane suna kwana a sama, kuma a wasu titunan ginshiƙan suna riƙe da rumfa doguwa, sai ka yi tafiya ana ruwa ba ka jiƙe ba. Ya ce tagoginsu tsayin mutum ne a tsaye, daga ƙasa har kusa da rufi. Ya ce akwai titi mai faɗin da idan abokinka yana ɗaya gefen sai dai ka ɗaga masa hannu, ya miƙe har teku, a ƙarshensa dogayen gine-gine biyu suna tsaye kamar ƙofar gari da babu ƙyaure.

Na ce, "Lungu fa?"

"Babu lungu."

"To idan mutum ya hango surukarsa tana tahowa, ina yake bi?"

Ya ce sai dai ya tsaya ya gaishe ta. Na ce to wannan ba gari ba ne, filin fareti ne.

Na tambaye shi inda akuya ke kwana. Na tambaye shi inda mata ke shanya. Na tambaye shi idan an yi haihuwa ina ake kafa rumfar suna. Wasu ya amsa, wasu ya ce in sha shayina.

Shi ba a tsakiyar yake kwana ba. Unguwar ma'aikatan tashar jirgin ruwa yake, shi da 'yan Sanigal da Larabawa, inda gidajen jan bulo ne, kusa da rumbunan da ya fara ɗaukar buhunan kofi. Ya ce akwai wata tsohuwar unguwa da ruwa ya kusa zagayewa, can ake sayar da kifi, ita ce ta fi kama da wurin mutane. Masu hali kuma suna kan tudu, ana hawa da matakala ko da wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja. Daga can, in ji shi, za ka ga garin a shimfiɗe kamar an jera bulo a fili ana jiran magini.

Akwai wani farin gini kuma, babu kusurwa, kamar an kife turmi an yanke masa kai. Ya ce gidan wasa ne. Wannan har yau ban gane shi ba.

Amma wanda ya fi damuna shi ne cocin.

Ya ce ruwa ne ya kama shi wata rana ya fake a ciki. Na ce Alhaji guda a coci. Ya ce lokacin bai zama Alhaji ba, kuma ruwan can ba ya tambayar addini. Ya ce hasumiyarsa ta fi komai tsawo a garin, masu jirgi daga teku ita suke fara gani, kuma cikinta rami ne. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai, babu rufi, sai sama kawai take tafiya, jikinta duk ƙananan gilasai masu launi. Hasken yana sauka a kan kankaren, ja a nan, ruwan ƙwai a can, yana tafiya yadda rana ke tafiya.

Na ce, "Me ke riƙe da ita, idan cikinta rami ne?"

Ya zana mini da tsinke a ƙasa. Ginshiƙai a kusurwoyi huɗu, wasu hannuwa sun karkato ciki sun tallabe ta. Na kwana ina juya abin a kaina. Washegari na koma na ce ya sake zanawa. Har yanzu ina ganin kamar akwai abin da ya manta bai gaya mini ba.

Daga ɗaukar buhu ya koma cikin masu gyaran gine-ginen nan. Ya ce iskar teku tana shiga kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa bango. Sai su fafe wurin, su kankare rodin, su kwaɓa sabo. Amma tunda babu filastar da za ta rufe, dole kwaɓin ya yi launi ɗaya da tsohon. Ya ce launin daga dutsen da aka niƙa aka zuba yake fitowa, wani ja-ja, wani kamar ƙasa. Ubangidansu yakan sa su kwaɓa su zubar, su kwaɓa su zubar, sai ya tsaya nesa ya kasa gane inda aka gyara. Sannan a bi da gudumar nan mai haƙora a fito da idon tsakuwa.

Duk wannan hira ce, ban damu ba. Sai da ya sayi fili a Maamobi.

Na gaya wa kowa aikin filastar nawa ne. Wa zai ba wa in ba ni ba? Na ga ya tafi har wajen duwatsun Shai da kansa yana zaɓen tsakuwa kamar mace na tsintar shinkafa. Na ga ya sa kafintoci sun yi katakon zubi kamar za su yi gadon sarki, har ɗaya ya zage shi da yaren Ga ya ajiye aiki. Na ga bene ya tashi, ginshiƙai a waje kowa na gani, tagogi dogaye. Sannan ya ɗauki gudumarsa. Wata da watanni unguwa ba ta jin komai sai ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ni ina jira. Har na wanke cokalina na filasta.

Sai na ji an ce Yakubu ya tare.

Na je na same shi a baranda. Na ce, "Bawana, yaushe zan fara?"

"Fara me?"

"Filasta."

"An gama, Garba."

Na dubi bangon, na dube shi. Na ce masa filasta rufin asiri ce. Duk maginin da ka gani yana da inda hannunsa ya karkace, ni ne nake zuwa in rufa masa. Mu a Zongo da me muke taƙama in ban da rufin asiri? Mutum ya kwana da yunwa, da safe ya sa riga mai guga ya fito. Gida ma haka ne, ba a barinsa tsirara a gaban jama'a.

Ya ce, "Bangon da bai yi laifi ba, me za a rufa masa?"

Na ce babu bangon da bai yi laifi ba.

Ya ce in zaga in nemo.

Na zaga. Ban samu ba a ranar. Na fita ban yi masa sallama ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini ciwo. Matata, Allah ya jiƙanta, ta je Kasuwar Malam Atta sayen kayan miya, wata ta ce mata ai mijinki ko amininsa bai yarda da hannunsa ba. Wani mai filasta da na koya wa riƙon cokali ya ɗauki maganar yana yawo da ita wurin masu gini. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da rai, kuma na gan shi yau a maƙabarta yana share ido.

Daga azumin nan har wani azumin ban taka gidan ba. Ranar walima ya aiko mini da abinci. Na ci, don abincin bai yi mini komai ba, amma kwanon sai da ya aiko aka karɓa.

Shi ma bai tsira ba. Aka ce kuɗin boga ya ƙare. Aka ce ya gina wa kansa kabari mai bene. Masu trotro suka mai da gidan tasha, "Ba-a-Gama-ba, akwai mai sauka?" Wani bawan Allah har buhun siminti ya taɓa aiko masa sadaka. Ya karɓa ya yi godiya, ya kai masallaci.

Abin da ya mai da ni gidan, faɗuwa na yi daga katakon hawa a wani aiki, ƙugu ya goce. Lungunmu mota ba ta shiga. Yakubu ne ya goya ni a bayansa har bakin titi, yana tari yana cewa, "Bakano sai nauyi, babu amfani." Duk kwanakin da na yi a kwance kullum sai ya zo da rediyonsa ya zauna. Bai taɓa ta da maganar bango ba. Ni ne nake tayarwa.

Shekarar da gota ta cika ta shigo mana ɗaki, a benensa muka kwana, ni da iyalina da akuyoyi biyu. Da gari ya waye ruwa ya ɗauke, rana ta fito, na sauko na ga bangon a jiƙe. Ya yi wani ja-ja, tsakuwoyin suna ƙyalli ɗaya-ɗaya. Na sa hannu na shafa. Na juyo sai ga shi a bayana da buta.

Ya dubi hannuna a kan bangon. Na ce masa akuya nake nema.

Ganina da shi na ƙarshe, Juma'ar da ta wuce ne bayan an sauko. Ya aiko a kira ni. Na same shi a kujera gaban doguwar tagarsa, ya rame, ƙafafun sun kumbura. Muka taɓa hira. Sai ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba.

Ya ce tsofaffin garin can ma ba sa son ginin. Ya ce ya san wata tsohuwa mai sayar da burodi da ba ta ɗaga kai idan tana tafiya a titi, tana cewa an kashe musu gari an ba su akwatuna. Ya ce sai jikokinsu ne suka fara taƙama da shi, har baƙi suka riƙa zuwa kallo.

Na ce, "Shekara nawa muna gardama, sai yau?"

"Da na gaya maka da ka samu sanda."

"Ai yanzu ma na samu."

"Yanzu ba ka da ƙarfin ɗaga ta."

Sannan ya ce in kama masa kabad ɗin da ke ƙarƙashin matakala mu ja. Tun da na san gidan kabad ɗin yana wurin. Muka ja, tsofaffi biyu, muna nishi.

A bayansa akwai wani wuri, faɗinsa bai wuce faifai ba. Kankaren bai cika ba, ya yi ramuka kamar saƙar zuma, har bakin rodi ya leƙo ya yi tsatsa.

Na daɗe ina kallonsa. Wallahi daɗi na ji.

Ya ce ranar zubin kankaren, ruwan sama ya kama su, leburori suka yi sauri. Ya ce ya sha kwaɓawa don ya gyara, launin ya ƙi zuwa daidai, tsakuwar irin ta farko ta ƙare, shi kuma ba zai iya ganin tabo a bangonsa ba. Sai ya jingina kabad.

"Wannan naka ne," in ji shi. "Ka zo ka rufa mini."

Na ce, "Gida guda ka hana ni, sai yanzu ka kira ni a kan faifai? Sai na samu lokaci."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kada ka daɗe, bawana."

Muka mai da kabad ɗin. Na tafi.

Ɗazu bayan la'asar na shiga yi wa matarsa Hajiya Adiza gaisuwa. Ta riga ta ji abin da Nuhu ya ce. Daga bayan labule ta yi magana.

"Malam Garba, ni ba zan ɓoye maka ba. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa buga ƙusa ta shiga ba. Hoton Makka ma a ƙasa yake jingine. Ƙawayena suna zuwa suna tambayata yaushe za a gama. Na so shuɗin fenti tun ina da ƙarfina."

Na ce na sani, Hajiya.

"Amma yau da aka fita da shi na dafa bangon, sai na ji kamar tafin hannunsa. Ban san abin da nake so ba. Kai ka san shi kafin ni."

Na yi mata sallama na fito.

Memuna ta nuna mini hotunan garin a waya. Na ga hasumiyar. Na ga farin turmin. Na ga titin da ginshiƙansa. Suna nan yadda ya faɗa, ban kama shi da ƙarya ba a nan. Amma hoto ba ya gaya maka ko an shafa wani abu siriri a kai. Ni na san aikin, akwai filastar da ido ba ya kamawa, sai hannu.

Don haka ina da tambaya. A cikin masu karanta wannan akwai 'yan Zongo a Faransa, na sani, akwai masu aikin jirgi. Wanda ya taɓa shiga Le Havre, ko yake kusa, ya je tsakiyar garin ya sa tafin hannunsa a bango. Kada ya aiko mini da hoto. Ya gaya mini abin da hannunsa ya ji, kaushi ko santsi, kuma idan ya kankara da farce me ke fitowa. Idan ya samu hali ya leƙa cocin nan ya duba mini abin da ke riƙe da hasumiyar, ba sai ya zauna ba. Ina so in sani kafin nawa lokacin ya zo.

Nuhu, na san kana karantawa. Ka ce kafin sadakar uku, to ga amsarka tun yau.

Ban ce ubanka yana da gaskiya ba. Har gobe ni a wurina gida sai da riga. Amma gardamar tawa ce da shi, ba taka ba ce, kuma ba zan ci ta ranar da ba ya nan da zai ba ni amsa ba. Ba zan taɓa bangon waje ba. Idan ka kira wancan da na koya wa aiki, zai same ni a kan benci a ƙofar gidan, kuma ya san bakina.

Surukanka idan sun tambaya, ka ce musu an gama. Idan kunya ta hana ka, ka turo su wurina.

Ɗakin Hajiya nata ne. Idan ta fita takaba ta ce shuɗi, shuɗi za a yi, ni zan tsaya a kai.

Gobe da safe zan zo da cokalina da kwano ɗaya na siminti. Ka ja mini kabad ɗin da ke ƙarƙashin matakala, sannan ka fita ka ja ƙofa. Aikin da ya ba ni ke nan, shi zan yi.

Ya Allah, babu bawanKa da ba shi da wurin da ya jingina kabad. Ka san na Yakubu, waɗanda ya nuna da waɗanda bai nuna wa kowa ba. Ka rufe masa su da rahamarKa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa masa haske a ciki, Ka ba Hajiya da yaran haƙuri. Mu da muka rage Ka sa mu cika da kyau.

Wanda ya karanta har nan, kada ya wuce haka. Ya tsaya ya karanta masa Fatiha, ya ambaci sunansa, Yakubu ɗan Maryama.